Kitso da Ƙwarƙwata: Tsokaci Kan Gyara da Ɓoyo

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wadda muka ga ya kamata mu kawo ta gaban 'yan'uwa marubuta da sauran masu karatun wannan mujalla tamu, ko Allah zai sa a taru a duba ta. Tambayar kuwa ita ce, ina iyakar da ta raba gyara abu da ɓoye aibinsa? Mai gyara da mai ɓoyewa duk rufewa suke yi, fenti ɗaya kuma suke shafawa a ƙarshe, har in an jera aikinsu a rana ba kowane ido ne zai bambance su ba. To, mene ne ya sa muke sa wa ɗaya albarka, ɗayan kuma muke kiransa maha'inci? A garejin masu gyaran bodin mota muka tsinci wannan tambaya, gaban wata tsohuwar mota da tsatsa ta ci.

Motar ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa da rahama. Peugeot 504 ce, wadda kowa ya fi sani da Fijo, ya saye ta sabuwa fil a 1979. Saboda yaran da ba su tarar da zamaninta ba, bari mu ɗan yi bayani. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta wannan shekara. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a masana'antar da ke Kakuri a Kaduna, inda aka ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati a wancan lokaci, mai dogon bayan ita ce motar tasha, ita ce kuma ke kai amarya ɗakinta.

Bayan rasuwar mahaifinmu aka raba abin da ya bari, amma motar ta gagari rabo, domin babu wanda ya iya buɗe baki ya ce a sayar, babu kuma wanda ya ɗauki nauyinta. Ta zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida shekara takwas, ganye na zuba a kanta, damina na dukanta. Ana nan sai ga wani mai sha'awar tara tsofaffin motoci, ya ce in za a tayar da injin a yi mata fenti, zai saya da daraja. Irin waɗannan mutane suna da ƙungiyoyinsu a duniya, babbar cikinsu kuwa, FIVA, tana lissafa motar da ta kai shekara 30 cikin kayan tarihi in an adana ta yadda ya kamata. Ƙaninmu ya samo wani matashin fanabita, ya zagaya motar sau ɗaya ya ce kwana uku sun ishe shi. Yayanmu kuwa ya ce a'a, a kai ta wurin wani dattijo da ya tsufa a cikin sana'ar, a ji ta bakinsa.

Dattijon bai ko kalli fentin ba. Ya ɗauko maganaɗisun da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya riƙa bin jikin motar da shi a hankali. A bonet ya kama, a tsakiyar ƙofa ya kama, da ya zo dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan da mutum ke tsallakewa in zai shiga, sai maganaɗisu ya faɗi ƙasa. Ya sa sukudireba ya danna, ta shige kamar an soka wuƙa a nunanniyar gwanda. Ya ɓamɓaro wani dunƙulen fila mai kaurin tafin hannu, wato kwaɓin nan da ake cike lotsawar mota da shi. A bayan filar ga ragar waya, a bayan ragar ga takardar jarida an cusa. Mafi yawanta ta ruɓe, amma gefen da fila ta kama ya tsira, har muka karanta shekarar da ke jiki: 1987.

Ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, nan an yi kitso da ƙwarƙwata. In wani kitson kuke so a ɗora a kai, ga yara nan cike da layi, kwana uku sun sallame ku. In kuwa gyara kuke so, to sai an yi aski tukuna."

Muka ce, "Baba, askin zai ci kwana nawa?"

Ya ce, "Sai na ga inda ƙwarƙwatar ta tsaya."

Halin tsatsa

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san abokin gaba. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar da muke shaƙa. In aka rasa ɗaya daga cikin biyun, ba ta kama shi. Gishiri yana ƙara mata sauri ƙwarai, shi ya sa motar da ta zauna bakin teku, kamar tamu da ta yi shekaru a Legas sa'ad da aiki ya kai mahaifinmu can, ko 'yar Beljiyam da ta taka titunan da ake zuba wa gishiri don narkar da ƙanƙara, take zuwa da ciwonta a ciki. Alminiyam ma iska tana taɓa shi, amma abin da ke fitowa a fatarsa siriri ne mai tauri, yana manne da shi ya zama masa garkuwa. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, ta dare, ta ɓare, ta riƙe laima kamar soso, ta buɗe wa ruwa sabon wuri. Wato kowace tsatsa uwar wata tsatsar ce.

Abu na biyu, daga ciki take farawa. Jikin mota fallen ƙarfe ne wanda kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba, an lanƙwasa shi an yi akwatuna da lunguna. A ƙasan ƙofofi da dokin ƙofa an bar 'yan ƙananan huji domin ruwan da ya shiga ya sami mafita. Ƙurar hunturu ta toshe hujin, ruwan damina ya shiga ya kwanta, taɓo ya maƙale a saman taya, ruwan batir ya ɗiga a mazauninsa, dardumar ƙasa ta jiƙe ba a ɗaga ba. Duk wannan yana faruwa alhali fenti na ta ƙyalli a waje. Ranar da mai mota ya ga ɗan ƙurji kamar ƙwayar gero ya taso a fenti, galibi tsatsa ta riga ta hudo daga baya.

Abu na uku shi ne mafi nauyi. Fijo 504, kamar yawancin ƙananan motoci, ba ta da wani ƙashin baya daban da aka ɗora bodi a kansa. Jikin shi ne ƙashin. Dokin ƙofa da daɓen ƙasa su ke ɗauke da nauyi, a jikinsu aka ɗaure kujeru, su ne kuma ke hana mota naɗewa ranar hatsari. Cika irin wannan wuri da fila daidai yake da a zare azara daga rufin soro a sa kara, a shafe da farar ƙasa. Saboda haka maganar ta wuce ta ado, ta shafi rayukan waɗanda za su zauna a ciki.

Yadda aka yi askin

Mako shida aikin ya ci, muna zuwa muna kallo. Da farko ya kankare fenti har ƙarfe ya fito tsirara. Inda tsatsa ta tsaya a fata kawai, ya goge ta da burushin waya da samfefa, ya shafa ruwan maganin da ke mai da ragowarta baƙa ta daina ci. Inda ta huda kuwa, ya ɗauki alli ya zana iyaka, kuma abin da ya ba mu mamaki shi ne zanen ya wuce ramin, ya shiga cikin lafiyayyen ƙarfe da kamar faɗin yatsa biyu. Muka ce, "Baba, ai nan lafiyarsa ƙalau." Ya ce, "Shi ya sa zan yanka a nan. Walda ba ta kama ruɓaɓɓe. In na ji tausayin ƙarfe, na cuci mai shiga."

Ya yanke, ya ɗora kwali ya fitar da siffar gurbin, ya yanko sabon falle mai kauri daidai da na asali, ya yi ta bugunsa da guduma a kan kututture har ya ɗauki lanƙwasar da ake so. Bai ɗora sabon a kan tsohon ba, domin a tsakanin falle biyu laima ke kwana. Baki da baki ya haɗa su. Waldar ma ɗigo-ɗigo ya yi ta, nan ɗaya can ɗaya, yana bari ya huce, saboda in zafi ya taru wuri guda sai siririn ƙarfe ya murɗe. Da ya gama ya goge, ya shafa fentin farko ciki da waje, ya zuba maiƙo mai kauri cikin lungunan, ya buɗe hujin da suka toshe. Duk guntun da ya yanke kuwa bai yar ba, a buhu yake tarawa, ya ce namu ne.

Daga ƙarshe sai muka ga ya kwaɓa fila. Muka dubi juna. Ya yi murmushi, ya shafa ta siririya a kan waldar, da ta bushe ya goge mafi yawanta, abin da ya rage bai kai kaurin farce ba. Ya ce, "Fila ba ta da laifi. A kan lafiyayyen ƙarfe kwalliya ce, a kan rami kuwa ƙarya ce."

Ma'aunin da muka samu

Wannan magana ta dattijo ita ta buɗe mana ƙofa. Kayan aikinsa da na mutumin 1987 iri ɗaya ne, don haka ba a cikin kayan aiki bambancin yake ba. Ga ma'aunin da muka tsaya a kai: gyara shi ne aikin da mai shi zai iya tsayawa gaban wanda zai yi amfani da abin, ya zayyana masa duk abin da ya yi, zayyanawar kuma ta ƙara wa aikin daraja. Ɓoyo kuwa shi ne aikin da darajarsa ta rataya ga rashin sanin wani. Dattijo ya tara guntayen a buhu ne domin yana so a gani. Wanda ya cusa jarida kuwa, da za a ce ya faɗa wa mai saye abin da ke ƙarƙashin fenti, da nan take farashi ya karye. Ribar da ke tsakanin farashin sani da farashin rashin sani, ita ce abin da aka sata.

Malamanmu sun daɗe da wannan ma'auni. Imam Muslim ya ruwaito labarin ranar da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji laima a ƙasa alhali saman busasshe ne, ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sa'an nan ya barranta daga mai algus. A lura, bai hana shi sayar da jiƙaƙƙen abinci ba, ɓoyewar ya hana. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san babin ciniki ya haramta ɓoye aibin haja, ya kuma ba mai saye damar mayar da ita in ya gano. Daɗin daɗawa, Suratul Muɗaffifin, wadda ta buɗe da gargaɗin masu tauye mudu, ita ce a aya ta 14 ta ambaci tsatsar da ayyukan mutane ke lulluɓe zukatansu da ita. Ashe mai rufe tsatsar ƙarfe don ya cuci wani, wata tsatsar yake shukawa a inda maganaɗisu ba ya kaiwa.

To, rufin asiri fa?

Mai karatu zai iya cewa, ashe ba mu ne muke roƙon Allah rufin asiri safe da yamma ba? Ashe ba a horar da mu da suturta aibin ɗan'uwa ba? Ƙwarai kuwa, kuma ba ma fatan ranar da Bahaushe zai rabu da wannan hali. Magidancin da ya wanke tsohuwar rigarsa ya goge ta ya fita sallar Idi, bai yaudari kowa ba, mutuncinsa ya tsare. Maƙwabcin da ya ga kuskuren ɗan'uwansa ya kame bakinsa, alheri ya yi.

Amma fa a duba wanda ke ɗaukar nauyin abin da aka rufe. A rufin asiri, mai rufewa shi ke haɗiye wahalarsa don kada ya ɗora wa wani. A rufa-rufa kuwa, ana rufewa ne domin wahalar ta tsallake mai ita ta faɗa kan wanda bai sani ba. Tsatsar da aka shafe da fenti tana nan tana ci, bashi ne aka ci da sunan wani, wanda zai biya shi a wata kwana a hanyar Zariya, wataƙila da iyalinsa a kujerar baya. Saboda haka duk sa'ad da muka ji ana kiran sunan rufin asiri, sai mu tambaya: in abin ya fashe, a kan wa zai fashe?

Uzurin babu

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, kuma ba za mu raina ta ba. Aikin dattijo ya ninka na matashi sau da yawa a kuɗi. Direban da ke ciyar da gida da tsohuwar mota, in aka ce sai ya ajiye ta mako shida, me yaransa za su ci? Fanabitan ma sau da yawa ba mugu ba ne. Mai mota ne ya taya aikin har ƙasa, ya ce a lallaɓa kawai. Ana cewa araha ba ta ado, amma wanda aljihunsa bai kai ba, da babu gara ba daɗi. Wanda bai taɓa rasa kuɗin cefane ba, bai kamata ya yi saurin yi wa irin wannan wa'azi ba.

Mun yarda talauci yana iya tilasta wa mutum gyaran wucin gadi. Abin da ba mu yarda ba shi ne cewa yana tilasta masa yin shiru. Sabon falle yana da tsada, walda tana da tsada, amma cewa "nan fila ce, kada ka yi lodi, kada ka yi gudu" kyauta ne. Fanabitan da ya ce wa mai mota, "Abin da kuɗinka ya iya ke nan, zai kai ka shekara ɗaya, ka dawo," ya fita haƙƙinsa gwargwadon hali. Mai motar da ya faɗa wa mai saye haka, shi ma ya fita. Uzurin babu yana ƙarewa ne daidai inda aka fara cin ribar rashin sanin wani.

Motar wa ce yanzu?

Ana cikin aikin ƙaninmu ya kawo wata hujja da ta sa muka yi shiru. Ya ce wa yayanmu, "Yaya, an yanke daɓe, an yanke dokin ƙofa biyu, an yanke ƙasan ƙofofi. In aka gama, motar Baba ce ko ta fanabita? Ku da kuke maganar gaskiya, ashe ba ku ne za ku nuna wa mutane sabon ƙarfe ku ce na 1979 ne ba?"

Tambayar tsohuwa ce. Marubucin Girka Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan jarumi Tisiyas, wanda mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin shi ne ko wani ne. A 1655 Bature Tomas Hobs ya ƙara wa miyar gishiri, ya ce to in wani ya tara tsofaffin katakan ya sake harhaɗa su, wanne ne na gaskiya? Mu ma ga buhunmu na guntaye a gefe.

Amsar da ta gamsar da mu a gida muka same ta. Gidan ƙasa ana yi masa yaɓe kafin kowace damina, har a wayi gari da wuya a nuna ƙasar da kaka ya taɓa da hannunsa, amma ba wanda ke shakkar cewa gidan kaka ne, domin kowa ya san wanda ya yi yaɓen da lokacin da aka yi. Haka ƙwaryar da gyartai ya ɗinke: ɗinkin a fili yake, uwar gida tana iya nuna shi ta ce ranar kaza ta faɗi, kuma ƙwaryarta ce har gobe. Abin da ke riƙe da asalin abu shi ne silsilar labarinsa, muddin ba ta yanke ba. Sabon ƙarfen da aka san ranar da ya shiga ya zama babi a tarihin motar. Filar da aka ɓoye kuwa shafi ne da aka yage.

Masu adana kayan tarihi sun isa wannan matsayi ta tasu hanyar. Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan gyaran gine-ginen tarihi ta nemi sabon abin da aka ƙara ya dace da tsohon, amma a iya bambance shi, don kada gyara ya gurɓata shaida. Yarjejeniyar Turin, wadda FIVA ta fara aiki da ita a 2013, ta nemi a riƙa rubuta sauye-sauyen da aka yi wa tsohuwar mota. Akwai ma inda barin rami shi ne amana. Baƙar Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, an ajiye ta a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas da hujin harsasai a jikinta. Fanabitan da zai toshe waɗannan huji, komai gwanintarsa, gyaran gangar Abzinawa ya yi.

Abin da Hajiya ta faɗa

Saura tambayar da kowannenmu ke gudu: shin mahaifinmu ya san da jaridar nan? In bai sani ba, an cuce shi. In ya sani, to ya shekara da shekaru yana ɗaukarmu a kan rami. Da abin ya dame mu sai muka tambayi mahaifiyarmu. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ya sani mana. Lokacin nan ne kuɗi ya lalace, albashi bai kai ko'ina, ga kuɗin makarantarku. Shi ya ce a lallaɓa. Ba ku lura tun daga nan ya daina tafiya mai nisa da ita ba? Mutum nawa suka taya ya hana? Cewa yake, motar nan tana da ciwo, ni na san inda yake."

Muka tuna 1986 ce shekarar da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi. Muka tuna yadda yake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, muna yi masa dariya. Ya rufe ramin don dole, ya ƙi sayarwa don tsoron Allah, ya ɗauki nauyin abinsa shi kaɗai. Duk da haka ba za mu ce babu saura ba, shi ma da yana raye ba zai so mu shafa masa fila ba. Ya bar sanin a cikinsa, ya tafi da shi kabari. Ranar da ya rasu, rufin asirinsa ya zama tarko, kuma saura ƙiris 'ya'yansa su sayar wa wani bawan Allah abin da shi ya ƙi sayarwa shekara da shekaru. Da ya rubuta layi biyu ya sa cikin takardun motar, da ya kammala amanarsa. Allah ya gafarta masa.

Da aka gama aiki muka sayi ɗan littafi, muka rubuta duk inda aka yanke da ranar da aka yanke, har da labarin jaridar, muka ajiye a aljihun gaban motar. Mai saye ya dawo, muka nuna masa littafin da buhun. Ya yaba, amma ya rage farashi, ya ce shi wadda ba a taɓa ba ya fi so. Ciniki bai faɗa ba. Yayanmu ya biya sauran magada rabonsu ya riƙe motar. Ƙaninmu har yau yana ganin an yi asara, kuma in lissafin kuɗi ne, da gaskiyarsa. Ba mu zo nan don mu ce gaskiya kullum tana biyan kuɗin sabulu ba.

Ga 'yan'uwa marubuta

Mun kawo wannan zance a nan ne domin sana'armu da ta fanabita 'yan uwa ne. Kowannenmu ya san wurin da labarinsa ya ruɓe: babin da dalili ya karye, tauraron da ya aikata abin da halinsa bai kai ba, hujjar da ba mu bincika ba. Kuma kowannenmu ya san filar da muke cusawa, wato karin magana a kan karin magana, manyan kalmomi, da wa'azin da aka liƙa a ƙarshe don a rufe bakin mai suka. Idan ɗan'uwa ya bi rubutunmu da maganaɗisu ya nuna inda ya faɗi, sai mu yi fushi, da ma wanzami ba ya son jarfa. Alhali maganin shi ne na dattijo: a yanka har cikin lafiyayyen wuri, ko da shafin da muka fi so ne zai tafi.

Nauyin ya fi yawa a kan masu rubuta tarihin mutane da garuruwa. Inda labari ya yanke, kada a cike gurbin da kirari a shafe kamar ba a taɓa ba; a nuna ɗinkin kamar na gyartai, a ce nan ruwaya ce, nan zato ne. Mai karatu fasinja ne, ya shiga ne bisa amana, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin kujerarsa. Al'umma kuma tana da ramukan da magabata suka rufe don dole, suka san inda suke, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da saninsu. In ba a rubuta ba, na baya za su gaji fentin ba tare da gargaɗin ba, su ɗauki mota su hau babbar hanya da gudu.

Wannan shi ne ɗan abin da muka gano, ƙofa kuma a buɗe take ga wanda ya ga inda maganaɗisu ya faɗi a cikin wannan rubutu namu. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya tsare mu daga rufe abin da zai cuci bayinsa, ya jiƙan magabatanmu. Amin.